Kanwar Shanu a Komin Talotalo

Na gaji da jin ana ba da labarin nan a karkace. Tun kuna yara kuke jin mutanen ƙauyenmu suna kiran babanku Mai-talotalo, har ku ma kuka ɗauka kuna dariya. Bara da babbar sallah na ji ɗayanku yana ba 'ya'yansa labari, wai kakansu ya sayar da saniya ya sayi tsuntsaye, ya kashe su da hannunsa. Na yi shiru ne kawai don akwai baƙi a tsakar gida. Yanzu idona ya fara dushewa, hannuna yana rawa, karatun ma na yaƙi da jahilci ne da na yi da furfura a kaina, amma zan rubuta yadda abin ya faru, ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Sunan babanku kuwa ba za ku gan shi a nan ba. Ban taɓa kiransa ba yana da rai, ba kuma zan fara yanzu ba.

Zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa ya daɗe da fara tsayawa a Malam Madori. Muna zaune a wani ɗan ƙauye a bakin fadama, gabas da Haɗeja, ta hanyar Baturiya. Mu uku ne a gidan, ni da babanku da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai babbar yayarku da nake goyo. Ni 'yar masunta ce, a cikin ƙarnin kifi na tashi. Su kuwa asalinsu masu shanu ne. Kafin a kawo ni gidan annoba ta shiga garkensu ta share shi tas, ba ta bar musu komai ba sai wata karsana ja da Inna take kira Woɗe. Ku da kuka tashi a gari ba za ku gane ba, amma a wurin mutanen nan gidan da ba saniya ba gida ba ne. Inna takan tashi da safe ta gaisa da Woɗe kafin ta amsa gaisuwata. Babanku kuwa noman shinkafa yake yi a fadama kamar wanda aka sa dole, ya dawo da yamma ya tsaya a kan karsanar nan yana shafa wuyanta. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga garke a bayan gidansa kafin uwarsa ta mutu. Ita kuwa Woɗe shekara biyu ana kai ta wurin bijimi, ta ƙi ɗaukar ciki.

A kasuwar Haɗeja ya haɗu da Mamman Kuku, wani tsoho da ya daɗe yana yi wa Bature girki, ya bar aiki ya koma kiwon talotalo. Shi ya gaya masa cewa idan bikin Kirsimeti ya zo, Turawan Kano ba sa zama lafiya sai sun ci naman tsuntsun nan, kuma ba sa tayawa. Ya ce wanda ya kai manya ashirin tasha zai dawo da abin da zai sayi karsana uku. Babanku ya dawo gida idonsa yana ƙyalli. Da ya faɗi shawarar da ya yanke, Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai wannan," ta ce, "kaza za ka saya da Woɗe?"

"Ba kaza ba ce, Inna. Wata shida ne kawai. Kafin sanyi ya wuce za ki ga uku a turke."

"Ubanka bai taɓa bin abu mai fiffike ba."

"Shi ya bar mini garke ne, Inna? Ɗaya ce, kuma ta ƙi haihuwa."

Ranar da mai saye ya zo ya ja karsanar, Inna ta shiga ɗaki ta saki asabari, ba ta ci abinci ba sai washegari. Da farkon damina babanku ya shigo da kwando biyu a kan jakin aro, ciki 'yan tsaki ashirin da huɗu, munana, masu dogon wuya, suna ta wani kuka siriri mai shiga kai. Na dube su na ce a raina, yau ga garken gidanmu.

Mun fara da ba su abin da kowa yake ba kaza, tsakin gero da dusa. Kai, tsuntsun nan akwai wahala! Ɗan tsakon kaza in ka watsa masa gero ya gama da kai, zai bi uwarsa ya nemi sauran. Waɗannan ba uwa, ba wayo, ruwan sama ya taɓa su su kwanta, raɓa ta taɓa su su kwanta. Suna cin geron, cikinsu yana cika, amma ba sa girma. Gashinsu ya yi buzu-buzu, ƙafafunsu suka fara lanƙwashewa, wasu har da gwiwa suke tafiya. Daga nan suka shiga tsigar gashin juna suna haɗiyewa. Kafin wata ya cika biyar sun mutu. Babanku ya koma Haɗeja a ƙasa ya tambayi Mamman Kuku, tsohon ya ce ai shi dafaffen ƙwai yake daddatsa wa nasa, haka ya ga matar Bature tana yi. Da Inna ta ji sai ta yi tsaki.

"Mu ba mu ci ƙwai ba, sai kaji. Allah ya kyauta."

Ba mu da ƙwan da za mu ba bakuna goma sha tara. Ni dai na zauna na yi ta kallonsu, na ga duk wanda ya ga fara ko tsutsa sai ya bar geron ya bi ta da gudu, sauran su bi shi suna kokawa. Na ce ashe nama suke nema. Na tuna yadda kakata take tara wa zabinta gara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin suri, washegari a ɗauko ta cike. To, kashin shanun ma ba mu da shi. Haka na riƙa ɗaukar ƙwarya ina bin gidajen masu shanu ina roƙon kashi, da goyo a bayana. Wannan ya fi komai ƙona wa Inna rai, a ce surukarta tana bara a garken wasu. Tukwane bakwai na kafa. Kullum da sassafe in bi su ɗaya bayan ɗaya, gara tana cizon hannuna har ya kumbura. Na kuma je wurin 'yan'uwana masunta na riƙa karɓo ƙananan kifin da ba mai saye, in shanya, in daka, in gauraya da dusa da garin ƙuli-ƙuli da yankakken zogale. Gidan ya ɗauki ƙarni, Inna ta riƙa toshe hanci da gefen zanenta tana cewa an mayar mata da gida bakin kogi. Amma cikin sati uku ƙafafun suka miƙe, gashi ya kwanta ya yi sheƙi, tsigar juna ta tsaya. Shekaru da yawa bayan haka wani jikana da ya yi karatun aikin gona ya zaunar da ni yana yi mini bayani, wai akwai wasu ƙananan abubuwa masu gina tsoka da suke cikin kifi da ƙwari da gyaɗa, gero ba shi da isassu, kuma talotalo ya fi kaza bukatarsu nesa ba kusa ba. Ya jero mini sunayensu da Turanci, ko ɗaya ban riƙe ba. Ya ce shi kuma gishirin da ke jikin tsuntsu yana da ma'auni, in ya gaza ba lafiya, in ya wuce mutuwa ce. Na ce masa wannan na biyun ba sai ka koya mini ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana tsakiyar damina na jiƙa kanwa zan dafa wake, na tsiyaye abin da nake so, sauran ruwan na bar shi a kasko a bakin murhu. Na juya in sauke yarinya, kafin in dawo biyu daga cikin talotalon sun tsoma kai suna sha. Ban ɗauke shi komai ba. Da la'asar na ga su biyun sun manne wa kaskon ruwan shansu, suna sha suna zawo, suna sha suna zawo, kamar ba ruwa suke sha ba. Ɗayan ya tashi bayan kwana biyu. Ɗayan ya kumbura ya mutu. Tsoro ya kama ni, don kowane tsuntsu a gidan nan guntun Woɗe ne, kuma Inna tana ƙirga su da ido safe da yamma. Da babanku ya tambaya na ce sanyi ne ya kama shi. Ya yarda. Bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba.

Ruwa ya ɗauke, fadama ta fara janyewa, aka shiga yankan shinkafa. Talotalo goma sha takwas suka zama manya, mazan suna buɗe wutsiya suna zagaya tsakar gida suna hura hanci kamar dagatai. Mutane suka fara leƙowa kallo. Har Inna na taɓa kamawa tana watsa musu ɗan tsaki a ɓoye. Saura kamar sati biyar a kai su tasha sai Mamman Kuku ya aiko cewa Bature nauyi yake dubawa, a ƙara musu ƙiba. Wannan saƙon shi ya tayar da abin da yake kwance a zuciyar babanku. Duk watannin nan ni nake kiwon, shi kallo yake yi, gara da kifi ba aikinsa ba ne. Amma turka dabba ta yi ƙiba, wannan gadonsa ne. Ya kewaye wani wuri da zana, ya shiga rumbu ya jawo tsohon komin da shanunsu suke shan ruwa a ciki, ya wanke shi. Ranar kasuwa ya dawo da ungurnu, kanwar nan mai ƙarfi da ake kawowa daga gabas, da dunƙulen gishirin mangul. Haka suke yi wa shanu tun kakanni: a ba su kanwa ta wanke ciki, ta kashe tsutsa, ta buɗe musu ci, sai ka ga sa ya murje. Ya zauna a tsakar gida da turmi yana dakawa da kansa, yana wata waƙa da Fulatanci a hankali. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin muryarsa da waƙa ba. Inna ta jawo tabarmarta kusa da shi, tana gaya masa yadda ubansa yake auna kanwa da tafin hannu. Su biyun suna dariya.

Na tsaya da muciya a hannu ina kallonsu. Can ya ɗago kai.

"Ladi, ke kika san halinsu. Me kika gani?"

Wallahi amsar tana bakina. Amma in na ce kada a ba su, zai ce don me, sai in faɗi na kaskon wake, sai ƙaryar sanyi ta fito a gaban Inna. Kuma ga shi yau ɗaya ya zama ɗan gidansu, ni 'yar masunta in tashi in ce masa abin da ubansa ya koya masa kisa ne? Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

"Ita za ta koya maka kanwa? A ina ta taɓa ganin an turke dabba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ai ka fi ni sani."

Na yi wa kaina ƙarya kuma, na ce ai yanzu sun girma, wancan ƙarami ne, wataƙila waɗannan su jure. Amma da na yarda da hakan da gaske, da ban yi abin da na yi ba. Kafin a kora su cikin zana na ware mata biyu da namiji ɗaya, na ce a bar waɗannan na iri, ba sai an turke su ba. Ya ce to, dabara ce mai kyau. Na kai su bayan madafa na ajiye musu ruwan tulu.

Goma sha biyar aka rufe, ba wani ruwa a wurin sai na komin nan da ya zuba wa kanwa da gishiri. Ranar farko suka sha suka koma suka sha. Washegari ƙasan wurin ta jiƙe sharkaf da zawo, ga wari. Na ce masa, Malam, ko a ba su farin ruwa? Muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ya ce ai wankin cikin ke nan, haka shanu suke yi, daga nan sai ci. Ya ƙara tafi guda a komin. Na koma madafa na zauna, na kasa ko hura wuta. Ƙishi yana kai su komi, komi yana ƙara musu ƙishi. Rana ta uku suka daina cin dusar, fikafikai suka zube, jan wuyan nan nasu ya koma fari-fari. Ran nan da hantsi tsuntsu na farko ya faɗi yana shure-shure. Babanku ya kifar da komin da ƙafa, ya ce in kawo ruwa, na yi ta jido daga tulu har ya ƙare na tafi rijiya. Suka faɗa wa farin ruwan kamar mahaukata, amma aikin gama ya gama. Abin da ba zan manta ba shi ne babanku da wuƙa a hannu, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana bisimilla yana yankawa don kada su zama mushe, rigarsa duk jini. In ya tsaya ya ce wannan zai tashi, a bar shi, kafin ya juya sai ya ga ya miƙe ƙafa. Cikin kwana biyu wurin ya zama fayau. Tara ya samu ya yanka, shida muka haƙa rami muka binne.

Nama ba ya ajiyuwa, kuma wa zai sayi talotalo a ƙauyenmu? Haka na fige su ina hawaye, aka rarraba gida-gida. Ƙauyen nan kaf aka ci naman da ba a taɓa ci ba. Suka ci suka yi santi, suka zo suka yi mana jaje, suka koma dandali suka yi dariya har da riƙe ciki. Kaico, mutane! Wanda bakinsa yake da maiƙon tsuntsunka shi ne kan gaba wajen ba da labarin wautarka.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, ina wanke-wanke sai na ga babanku ya zagaya bayan madafa. Ya daɗe a can. Ukun nan suna ta kiwonsu lafiya lau, namijin har yana buɗe wutsiya. Ya dawo ya tsaya a kaina.

"Waɗancan wane ruwa suke sha?"

"Na tulu."

"Ba ki taɓa ɗiba musu na komi ba? Ko sau ɗaya?"

Na ce a'a.

"Kanwa magani ce, kin ji na faɗa, kin ji Inna ta faɗa. Na iri su suka fi cancanta a ba su. Don me kika hana su?"

Na ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita. Ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai tawa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada uwarsa ta ji.

"Ladi, ashe kin sani."

Nan na fashe da kuka na gaya masa komai, da kaskon wake, da ƙaryar sanyi. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba, ko ya ce in tafi gidanmu. Ya saurara har na gama, ya dafa gwiwa ya miƙe kamar tsoho, alhali a lokacin bai fi shekara talatin da 'yan kai ba.

"Na tambaye ki fa," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bai gaya wa Inna ba. Bai gaya wa kowa ba. Da lokaci ya yi ya ɗaure ukun a kwando ya ɗora a ka, ya tafi Malam Madori inda Mamman Kuku yake loda nasa a jirgi. Na ce ko a bar su su yi ƙwai mu sake gwadawa, ya girgiza kai kawai. Kwana uku ya yi. Ranar da zai dawo Inna ta fito da tabarma tun hantsi ta zauna tana fuskantar ƙofa. Ta san lissafi sarai, ta san uku ba za su sayi karsana ba, amma ta zauna. Da la'asar ya yi sallama ya shigo, yana jan wata 'yar baƙar akuya. Inna ta dubi akuyar, ta dubi ɗanta, ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki. Shi kuma ya zo har inda nake ya miƙo mini igiyar.

"Karɓi. Ke kika san kiwo."

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Daga ranar bai sake taɓa dabba ba. Ya kama noman shinkafa da yankan kaba, ya ciyar da mu, ya yi muku sutura, bai rage ku da komai ba. Inna ta rasu damina biyu bayan haka, nonon da aka ba ta a ciwon ajalinta saye na yi a wurin wata mai talla. Akuyar nan ta hayayyafa a hannuna, har akwai shekarar da awakina suka kai a sayar a sayi saniya. Na same shi na gaya masa, ya ce dukiyarki ce, ki yi yadda kika ga dama. Ban saya ba. Da wace fuska zan turke ta a gidansa?

Don haka in za ku ba 'ya'yanku labari, ku ba su daidai. Babanku ya yi abin da ubansa ya koya masa ne, kuma kafin ya yi sai da ya juyo ya nemi shawarar matarsa a gaban uwarsa, abin da mazan wancan zamani ba sa yi. Ni ce na sani na rufe baki don in tsira da mutuncina na yini ɗaya. Ya ɗauki dariyar gari shi kaɗai har ya koma ga Allah, ko sau ɗaya bai nuna ni da yatsa ba. Shekara talatin da biyu muka yi tare bayan wannan, lafiya lau a idon kowa, ba zagi ba duka. Ya sayar da gona, ya sake gini, ya aurar da ku ɗaya bayan ɗaya, duk sai dai in ji an gama. Bai ƙara ce mini me kika gani ba.